Gwanin Giyar da Bai Taɓa Kurɓa Ba

Shekarar da fari ya ƙone gonaki, soja kuma suka karɓi mulki, duk mai ƙafa a Tasawa kudu ya nufa, wajen Katsina da Kano. Ni kaɗai na juya wa jama'a baya na yi yamma. Ɗanladi direba ne ya ja ni da daɗin bakinsa. Ya ce Nasara masu kawo taimako sun cika Yamai, har roƙon mutum suke yi ya zo ya share musu tsakar gida su ba shi buhun abinci. Ni kuwa buhu nake nema. Babanmu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana sayar da goro, ya rasu ya bar mini Inna da ƙannena uku da rumbun da ko ɓera ya daina leƙawa.

Abu ɗaya Inna ta ɗora mini, kuma gara in faɗe shi tun yanzu, don duk wahalar da na sha a kansa ta tsaya. Ƙaninta ya taɓa yi wa Nasara aiki, ya dawo yana tangaɗi da rana tsaka yana gaida jakuna. Shi ya sa ta ce mini, "Haladu, ranar da giya ta taɓa bakinka, abin da ka samo ba zai shiga tukunyata ba, ko yunwa za ta kashe mu." Wanda bai san ta ba zai ce ai magana ce irin ta uwa. Inna ba ta da magana biyu.

A Ƙonni kamyon Ɗanladi, wato babbar motarsa ta kaya, ya lalace. Yana kwance ƙarƙashin mota yana zagin ƙarfe, sai ga wani mutum mai tabarau da alƙalami uku a aljihu ya zauna kusa da ni.

"Samari, Yamai za ka? Ina takardarka?"

Na ce wace takarda.

Ya kama baki. Ya ce tun da soja suka hau, ba mai wuce Doso sai da takarda mai hatimi, wanda ba shi da ita kuwa a ɗaure yake kwana. Amma tunda ya ga ni ɗan mutunci ne, akwai guda ɗaya da ta rage masa. Na dubi takardar, hatimi har biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi. Ban yi lakwal ba, wato boko, faransanci a wurina zanen kaji ne. Na kwance jaka na ba shi babbar rigar Baba, har ina yi masa addu'a.

A Doso jandarma ya sauko da mu duka. Da ya zo kaina na miƙa takardata da ƙarfin gwiwa. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa. Ya zaga bayana ya duba, sannan ya kira abokin aikinsa.

"Buɗe bakinka," in ji shi.

Na buɗe.

"Haƙoran sun yi daidai. A nan an rubuta kai bajimi ne, ja mai farin goshi, kuma an yi maka allurar ciwon bushiya."

Har matar da ke shayar da jariri sai da ta sauke shi don ta yi dariya da kyau. Na so ƙasa ta tsage. Jandarman ya ninke takardar ya mayar mini, ya ce tunda an yi mini allura ba zan ɗauki wa kowa ciwo ba, in wuce. Daga nan har Yamai Ɗanladi bai ƙara kirana da sunana ba, sai Bajimi.

Ban ga Nasara ko ɗaya yana roƙon mai shara a Yamai ba. Abin da na gani mutane ne irina, daga kowace kusurwa, wasu da raƙumi ɗaya da ya rage, wasu ba komai. Ɗanladi ya sauke kayansa ya juya. Na koma dako a Babbar Kasuwa, ina kwana a rumfar wani Alhaji ɗan Damagaram mai sayar da atamfa. Akwai wata Bazabarma mai dambu da kwaɗon zogale a bakin ƙofa. Ba ta jin hausa sosai, ni kuma a zabarmanci fofo, wato sannu, kaɗai na iya. Amma in ta tashi, sai ta kankare gindin ƙwarya ta dunƙula ta miƙo mini tana kallon wani waje, don kada in ji kunya. Har na bar Yamai ban san sunanta ba.

Kewar gida ta fi kama ni a layin masu goro. In aka kwance huhu, ƙamshin ganye mai laima ya taso, sai in ga Baba a zaune yana tsince goro. Ni mutum ne mai saurin hawaye, ba na ɓoyewa. Nakan tsaya a wurin ina sharar ido, masu goro suna zaton yunwa ce.

A nan na haɗu da Baba Sarja. Tsoho ne dogo, da tsohuwar rigar soja da lambobi uku a ƙirji, ya yi wa Faransa yaƙi a ƙasashen da shi kansa ba ya iya faɗin sunansu daidai. Yana cinikin goro, ni kuwa daga inda nake tsaye na ji warin.

Na ce, "Baba, bar wannan. Akwai sankara a ciki."

Mai goro ya taso mini da faɗa. Tsohon ya fasa ɗaya, sai ga tsutsa tana miƙa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Da hanci ka gane?"

"Sana'ar gidanmu ce."

"Kana shan giya?"

Na ce Allah ya kiyaye, na ba shi labarin Inna. Na ga idonsa ya yi haske, na ɗauka tsoron Allah ne ya motsa masa.

"Kai nake nema," in ji shi. "Biyo ni."

Baba Sarja gadi yake yi a unguwar Filato, a gidan wani tsohon Bafaranshe da kowa ke kira Mai Gyaɗa. Ya daɗe yana sayen gyaɗa a Damagaram, hausa a bakinsa kamar Bahaushe mai mura. Da gyaɗa ta mutu sai ya koma shigo da jar giyar inabi da shokola, wadda 'yan Najeriya ke kira cakulan, yana sayar wa otal da Nasaran taimako. Ashe waɗanda suka zo ceton masu yunwa su ma da tasu ƙishirwar suka zo. Kowace Lahadi bayan abincin rana yakan tara masu saye a baranda, a jera butali, wato kwalaben giya, da shokola, su kurɓa, su gatsa, su lumshe ido, su yi ta gardama kan wace ta dace da wace.

Aikin da ake nema shi ne na mai buɗe butali. Giyar daga bakin teku take tahowa a kamyo cikin rana, wata ta iso lafiya, wata ta dahu a hanya. Dole mai buɗewa ya kurɓa a kicin, ya tabbata ba ta lalace ba, sannan ya kai. Mutumin Togo da ke yi a da ya kurɓa har ya daina gane ƙofa. Ladan aikin kuwa har da buhun shinkafa duk wata.

Mai Gyaɗa ya tambaye ni, "Ka san giya?"

Baba Sarja ya taka mini ƙafa da takalmin soja. "Maigida, wannan tun yana goye yake sha."

Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Buhun nan nake hange jingine a bango.

Da muka fito tsohon ya warware mini dabararsa. Zan buɗe butali, in tsiyaya a kofi, in miƙa masa ta taga, shi ya kurɓa ya faɗa mini. "Kai ka tsira da alkawarinka, ni na tsira da maƙogwarona. Ka ga ai Allah ne ya haɗa mu."

Ranar Juma'a na je wurin wani malami a Zongo na zayyana masa komai. Ya ce mai zubawa ma hannunsa ba fari ba ne, kada in yaudari kaina. Amma ya ga halin da ake ciki, in yawaita istigfari, kuma ranar da na samu wata ƙofa in fita. Na tambaye shi shokola fa. Ya ce ba ya yanke hukunci a kan abin da bai sani ba, in kawo masa ya bincika. Sau uku ina kai masa kafin binciken ya ƙare, ya ce halal ce.

Lahadin farko na so in nuna ni ɗan gidan mutunci ne. A wurinmu baƙo ya shigo cikin zafin bazara, abu mai sanyi ake ba shi. Na fasa ƙanƙara na cika kofunan nan taf, na tsiyaya giya a kai. Na gatsa baƙar shokola na ji ɗaci, na ce wayyo, sun manta sukari, na barbaɗa mata. Da na shigo da faranti, Mai Gyaɗa ya dafe ƙirji ya zauna. Wata Madam mai dogon wuya ta yi wata 'yar ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya biyo ni kicin yana faɗa, rabi hausa rabi faransanci. Na fahimci dai jar giya mai nauyi ba ta son ƙanƙara, ba ta kuma son zafi, sanyin randa take so. Ɗacin shokola kuwa shi ake saye da tsada. Ya ce in na ƙara, in kama hanyar Tasawa.

Na gyara wannan, sai Baba Sarja ya ɓullo da tasa. Duk butalin da na miƙa masa sai ya kurɓa, ya guntse, ya yamutsa fuska.

"Ta mutu. Kawo in zubar."

Na buɗe wata.

"Wannan ta fi waccan mutuwa."

A mako biyu ya kashe rabin kwali. Mai Gyaɗa ya fara rubuta wa mutanen Faransa wasiƙar zagi. Wata rana da hantsi na zaga bayan gida shanya, na tarar da tsohon a gindin dalbejiya, butalan da suka mutu suna jere a gabansa, yana yi musu fareti yana sara musu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Baba, kai kana wasa da maƙogwaro, ni shinkafar uwata ce a kai." Ya ce in yi haƙuri, ai gawa ma tana da hakki a raka ta.

Daga ranar na koma ga hancina. Abin bai fi tsince goro wuya ba. Wadda ta lalace takan yi warin jiƙaƙƙen buhu, ko tsamin kullun da ya kwana biyu. Mai lafiya kuwa kowace da nata. Wata ƙamshin ɗinya nunanniya take yi, har da maɗi a ƙarƙashi. Wata sabuwar fata ce daga hannun dukawa, da ɗan kanumfari. Wata zoɓo ce kawai da ta yi lakwal. Muka yi sulhu da Baba Sarja: zai samu gindin kowace butali, shi kuma ya faɗa mini gaskiyar abin da harshensa ya ji. In ya yi ƙarya na hana shi na mako. Da haka na san wace ce ke ɗaure harshe da bauri, wace ce ke sauka da laushi.

Shokola kuwa da bakina nake ci, tunda malam ya wanke ta. Sauran karatun a fuskar Nasara na yi shi. Ina tsaye a gefe da tawul a hannu, ina kallon wanda ya lumshe ido da wanda ya yi sauri ya nemi ruwa, ina duba abin da aka bari a faranti. Sannu a hankali na gane ashe ilimin Babanmu mai goro ne aka sa wa wando. Duk mai cin goro ya san in ka ci dabino ka bi da goro, ɗacin ninkuwa yake yi. Haka shokola mai madara da zaƙi take yi wa giya mai nauyi, ta bar ta ba komai sai tsami. Ya kuma san in ka tauna goro ka sha ruwa, ruwan zaƙi yake yi. Haka baƙar shokola mai ɗaci take fito da zaƙin giyar nan mai ƙamshin ɗinya. Amma in ka haɗa mai bauri da mai bauri, kamar ka tauna goro da ɗanyar gabaruwa ne, harshe ba ya motsi. Ita mai ƙamshin fata sai a ba ta shokola matsakaiciya, mai ɗan maiƙo.

Lokacin kuran, wato lantarki, yakan ɗauke yini guda, firigo ya zama akwati, shokola ta narke ta koma kunu. Na sa aka kawo mini yashi daga bakin kogi, na zuba a ɗakin ajiya, na binne manyan tukwane har wuya. Na jera shokola a gwangwani a ciki, butali kuma a kwance a gefe, ina yayyafa ruwa safe da yamma kamar yadda muke yi wa huhun goro. Mai Gyaɗa ya shigo ya taɓa butali, ya ɓare shokola ta yi ƙas, ya rungume ni, ina jin warin tafarnuwa. Tun daga nan ya daina zaɓa da kansa. Sai ya ce, "Haladu, me za mu ba su yau?"

Buhu huɗu na aika gida ta hannun Ɗanladi. Na roƙe shi ya ce a kanti nake aiki, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Yakan dawo ya ce ƙannena sun fara yin kumatu. Wannan labarin ne ke sa ni barci.

Sai ga Lahadin da Kumandan ya zo. Wani babban soja ne da kamyon Mai Gyaɗa ba sa shigowa gari sai da sa hannunsa. Ba'adare ne, ya yi karatun soja a Faransa, gajere mai gashin baki, ba ya ɗaga murya. A kwanakin nan in soja ya yi tari mutane kan miƙe tsaye. Ya zo da sojoji biyu da bindigogi suka tsaya a matakalar baranda. Baba Sarja ya goge lambobinsa ya ƙame a bakin ƙofa.

Aka ci abinci lafiya. Na kawo mai ƙamshin ɗinya da baƙar shokola. Kumandan ya gatsa, ya kurɓa, sannan ya gyaɗa kai. Da Mai Gyaɗa ya bar zancen a nan, da an rabu lafiya. Amma giya ta ɗan hau masa, ya kama hannuna ya jawo ni gaba.

"Kumandan, ga wanda ya zaɓa. Daga nan har Dakar babu harshe irin na yaron nan."

Kumandan ya dube ni. "Daga ina?"

"Tasawa, ranka ya daɗe."

"Ɗan Tasawa da harshen giya. To, ban taɓa gani ba." Ya jawo kofi, ya tsiyaya da hannunsa, ya turo mini. "Sha ka faɗa mini abin da ka ji."

Na ɗauki kofin. Na duba ƙofa, Baba Sarja ya ɓace, lambobinsa ma ba a jin ƙararsu. Na lissafa abin a raina. In na sha, shinkafa ta haramta a tukunyar Inna, don ba zan iya kallon idonta in yi ƙarya ba. In na ƙi, na kunyata maigida a gaban mutumin da ke riƙe da kamyonsa, buhu ya tafi, wataƙila ni ma in kwana a bariki. Ta kowace hanya tukunyar nan wofi take.

Na so in yi magana irin ta maza. Amma ina. Na tsinci kaina a durƙushe, kofi ya karkace a hannuna, giya na zuba a kan farin wandona, hawaye da majina sun haɗu.

"Ranka ya daɗe, ka yi mini rai. Wallahi ban taɓa sha ba. In na sha, Innata ba za ta ci shinkafar ba."

Madam mai dogon wuya tana tambayar na kusa da ita me na ce. Fuskar Mai Gyaɗa ta koma kalar abin da ke cikin kofin.

"Wata biyar," in ji shi a hankali. "Wata biyar kana zaɓa mini giya."

Kumandan ya ɗaga masa hannu. "Tashi," ya ce mini. "Share hancinka. In ba ka sha, da me kake ganewa?"

Na nuna hancin da nake sharewa.

Ya sa aka juya ni ina kallon bango. Aka tsiyaya kofi uku daga butali uku, aka jera shokola iri uku. Ya ce in na haɗa daidai shi ke nan, in na kuskure to ni maƙaryaci ne sau biyu. Matsalar ita ce kuka ya toshe mini hanci. Na roƙi izini na fita na fyace da kyau a gindin fure, sojojin nan biyu suna kallona, na dawo.

Na shinshina na farko, fata da kanumfari. Na tura masa matsakaiciya. Na biyu ɗinya ce, na ba shi baƙa. Na uku na shinshina sau biyu.

"Wannan fa?" in ji Kumandan. "Saura mai madara."

"Ranka ya daɗe, mai madara ta yara ce, ba ta zama da ko ɗaya a nan. Wannan kofin kuma kada ka sha. Ta dahu a hanya."

Mai Gyaɗa ya fizgi kofin ya kurɓa, ya juya ya tofar a cikin fure. Ashe cikin gaggawa ya ɗauko butalin da ban riga na duba ba. Kumandan ya gwada biyun da na haɗa. Sannan da gangan ya gatsa mai madara ya bi da mai ƙamshin fata, fuskarsa ta tattare kamar ya tauna maɗaci. Sai ya fashe da dariya har yana buga tebur. Da sojojin suka ga an yi izini, su ma suka yi.

Ya tambaye ni yadda na koya, na yi masa bayanin dabino da goro da ruwa. Ya fassara wa Nasara, suka yi ta gyaɗa kai, ɗaya har yana rubutawa. Sannan ya juya ga Mai Gyaɗa, da hausa don in ji.

"In ka kore shi, ka aiko mini shi. Amma ka sani kamyonka za su daɗe a Gaya, bakin iyaka, suna shan rana."

Da zai fita ya tsaya kusa da ni, ya rage murya. "Ni uwata tana can Adar. Har yau ta ɗauka zoɓo nake sha." Sannan ya koma ya shanye abin da ya rage a kofinsa ya tafi.

Mai Gyaɗa ya yi kwana uku ba ya yi mini magana. A na huɗu ya leƙo ɗakin ajiya ya ce, "Haladu, me za mu ba su Lahadi?" Baba Sarja ya fito daga inda ya ɓuya ya ce shi dama ya zaga ne ya tare hanyar baya, dabarar yaƙi ce.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe labari ya fita daga Filato ya shiga Babbar Kasuwa, daga nan ya hau mota. Kafin ya kai Maraɗi an yanke masa rabi. Abin da ya isa Tasawa shi ne Haladu ya zama sarkin giya na Yamai, har manyan soja suna zuwa ɗaukar karatu a wurinsa. Ban san haka ba na ɗora wa Ɗanladi buhu na biyar.

Bayan kwana goma ya dawo, ya same ni a tasha ina jiransa. Bai kira ni Bajimi ba, nan na san akwai magana. Ya ce da ya tsaya a ƙofar gidanmu ya tarar da Inna a tsaye a bakin zaure, ƙannena a bayanta suna leƙen mota. Shinkafar baya ta ƙare kwana biyu da suka wuce. Ya kama buhu zai sauke, ta ce ya bar shi inda yake.

"Ɗanladi, giya ɗana yake sha?"

Ya ce ya rantse mata ban taɓa ba. Ta ce to ya aka yi. Shi kuma da ya ga dama ta samu, sai ya buɗe baki. Ya ce mata Kumandan ya ɗora mini bindiga a goshi, na bugi ƙirji na ce harba, ni ɗan Inna ne, na ɗauki kofin na watsa a ƙasa, sojoji goma suka ja da baya.

Inna ta saurara har ya gama. Ta ce, "Juya da buhunka. Wannan ba Haladu ba ne."

Ƙaramar ƙanwata ta fara kuka. Ɗanladi ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya cire hula ya ce, "Inna, ki gafarce ni, ƙari na yi. Gaskiyar ita ce durƙusawa ya yi. Ya ɓata wandonsa da giyar, ya yi kuka har da majina a gaban Nasara, yana cewa in ya sha Innarsa ba za ta ci shinkafa ba."

Ya ce Inna ta kama bakin zanenta ta goge ido.

"Wannan ɗana ne," in ji ta. "Sauke buhun. Kuma ka faɗa masa, ranar da ruwa ya sauka, ya ajiye musu butalinsu ya zo ya kama fartanya."